Ƙanen da Ya Raina Ruwan Inabin Wansa

Akwai wani mutum mai 'yar gonar inabi a gefen dutse, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ba shi da barori ko 'yan ƙodago. Shi ke kaftu, shi ke datse rassa, shi ke tsinka, shi ke matsewa. Yana da ƙane wanda tun yana saurayi ya bar ƙauye ya shiga fatauci, har ya zama attajiri a birni, ya saba zama da manya.

Wata rana ƙanen ya zo ganin gida. Wan ya yi murna ƙwarai, ya yanka ɗan akuya, ya buɗe tulun ruwan inabin da ya daɗe yana ajiyarsa domin wannan rana. Ya zuba a ƙoƙo, ya miƙa masa da hannu biyu, ya tsaya yana kallonsa.

Ƙanen ya ɗan kurɓa, ya ture ƙoƙon gefe. Ya ce, "Yaya, har yanzu kana wahalar da kanka a kan wannan? Mu a birni wanda ake kawowa daga ƙasashe masu nisa muke sha. In na sake zuwa zan kawo maka, ka ji bambanci." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, a ganinsa ma alheri yake yi. Wan ya ɗauke ƙoƙon ya shiga da shi ɗaki.

Ana nan, sai aka aiko wa ƙanen cewa wansa ya zame a gangaren gona ya karye a cinya, ga shi lokacin aiki ya kama. Ya taho da niyyar ɗaukar wansa zuwa birni, a rabu da gonar kowa ya huta. Amma wan, yana kwance a tabarma, ya ce, "Ba zan ja da kai ba. Sai dai ka tuna, kurangun inabin nan Baba ne ya dasa su. In ba a kula da su bana ba, shi ke nan sun lalace."

Ƙanen ya nemi masu aiki, bai samu ba, gama kowa yana fama da tasa gonar. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗauki wuƙa da fartanya.

Tun a makon farko tafin hannunsa ya yi bororo. Ya datse rassan da bai kamata ya taɓa ba, ya koma ya faɗa wa wansa cikin kunya, wan ya sake yi masa bayani da haƙuri. Ruwan sama ya ɗauke, ya riƙa ɗebo ruwa daga kwari yana hawa da shi a kafaɗa. Da 'ya'yan suka fara nuna, tsuntsaye suka sauko, ya yini yana kora har muryarsa ta dushe. Ba sau ɗaya ba ya ce a ransa gobe zai koma birni, amma gari na wayewa sai ya ga kansa a gona. Daga ƙarshe ya tsinka, ya tattake da ƙafafunsa, ya sami 'yan tuluna kaɗan.

Da ruwan inabin ya yi, ya zuba ya kai wa wansa. Ya miƙa masa da hannu biyu, ya tsaya yana kallonsa.

Wan ya sha a hankali, sa'an nan ya ce, "Da ɗan tsami, ka yi gaggawar tsinka. Amma ina jin zafin ranar da ka sha a cikinsa. Sannu da aiki. Ƙaro mini."

Nan take hawaye ya zubo wa ƙanen. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka gafarta mini. Ran nan ban san abin da ka miƙo mini ba."

Wan ya ce, "Na daɗe da yafe maka. Tashi ka zauna, mu sha tare."

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar nan ran mutum ce, ruwan inabin kuwa hidimar da ya yi da hannunsa. Kada wani ya fita ya ce yau an koya mana shaye-shaye, ba zancen ke nan ba. Zancen shi ne, sau da yawa mu ne ƙanen nan. Muna yabon abin da ya zo daga nesa, muna raina na kusa domin ba mu ga zufar da aka zubar ba. Uwar da ta dafa miki tuwo, tsohon da ke share ɗakin sujada, malamin da ya shirya darasi bayan ya dawo daga gona a gajiye, kowannensu ƙoƙo yake miƙo mana da hannu biyu. Ubangiji kuwa kamar wan nan yake: ya san tsamin aikinmu, ba ya ɓoye mana gaskiya, duk da haka yana karɓa da murna, gama ya san wahalar da ke ciki.

Saboda haka, ƙaunatattu, kada ku jira sai hannunku ya yi bororo kafin ku gode. Yau in kun koma gida, ku dubi wanda ya miƙo muku, ku ce masa sannu da aiki.