Muzuru Mai Launi Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama. Ta zo mu ji ta, ko ba haka za ku ce ba?

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jimrau, yana da wata kyanwa da yake ji da ita. Jikinta dabbare-dabbare ne: fari, da baƙi, da ja irin na garin ɗorawa. Rannan a gaban fadawa Sarki ya ce a nemo mata miji mai irin launinta, don fada ta cika da irinsu. Ya ɗora aikin a kan Barmo, Sarkin Rumbu, wanda yake kula da hatsin fada da kyanwoyin da ke tsaronsa. Ya ba shi damina uku. In bai kawo ba, a kwance masa rawani, ya bar ƙasar.

Barmo ya ɗauka abu ne na mako guda. Ya haɗa jan muzuru da baƙar kyanwa, ya haɗa baƙi da ja, ya aika fatake gabas da yamma. Duk sanda aka haihu sai ya ruga, ya ɗaga mai launi ukun ya duba, ya ajiye da tsaki. Mace ce. Wata haihuwar ma mace. Hannuwansa duk yakushi, gidansa ya cika da kuka, har matarsa ta ce, "Malam, ko mu tashi mu bar musu gidan ne?"

Damina ta uku ta wuce. Barmo ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, na duba ɗari huɗu da 'yan kai. Ko ɗaya babu namiji."

Waziri Ƙosau, wanda ya daɗe yana so a naɗa ƙanensa Sarkin Rumbu, ya yi murmushi. "Allah ya ba ka nasara, lalaci ne kawai. Ni da ba aikina ba, ga shi na samo." Ya buɗe kwando, sai ga ƙaton muzuru, fari da baƙi da ja.

Dogari ya matso zai kama bakin rawanin Barmo, sai aka ji wata murya daga ƙofa: "Ɗan dakata, ɗan nan!" Gwaggon Barmo ce, Lanti, wadda ta tsufa tana yi wa amare ƙunshi, gidanta kuwa bai taɓa rabuwa da kyanwoyi ba. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta roƙi a miƙo mata muzurun. Ta shinshina bayansa, ta buɗa jan gashin da yatsa.

"Zaki, dubi gindin gashin. Fari fat! Lalle ne, kuma wanda ya kwaɓa shi bai ma iya ba, ya cika ruwa."

Sarki ya ce, "To, Iya, na ga wannan. Amma me ya hana a samu na gaskiya?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malama ba ce, abin da na gani shekara hamsin zan faɗa. Ja da baƙi kamar ƙulli ne da ake ba ɗa tun yana ciki. Mace ƙulli biyu take samu, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. In aka dace ɗaya ja ne ɗaya baƙi, sai nan wurin ya kwance wannan, can wurin ya kwance wancan, shi ya sa ba ka ganin biyu masu zane iri ɗaya. Namiji kuwa ƙulli ɗaya gare shi, na uwarsa kaɗai. Ko ja, ko baƙi. Farin da kake gani, wurin da launi bai kai ba ne. Kakata ta ce ta taɓa ganin namiji ɗaya tak mai launi uku, kuma har ya mutu bai haifi ko ɗa guda ba."

Waziri ya yi wuf ya ce, "Ka ji, ranka ya daɗe! Ashe dai akwai shi!"

Sarki ya daɗe yana kallon hannuwan Barmo. Sannan ya ce, "Sarkin Rumbu, mun wahalar da kai a kan abin da Allah bai hore wa mutum ba. Gyara rawaninka, ka koma bakin aikinka." Ya juya ga Ƙosau. "Kai kuwa, Waziri, tunda ka tabbata akwai shi, ɗauki kwandonka. Ranar da ka samo wanda Iya za ta shinshina ta yarda, ka dawo kan wazircinka."

An ce fatake sun yi ta haɗuwa da shi a kasuwannin nesa, yana bin kyanwoyin mutane yana ɗaga musu wutsiya, mata suna korarsa da muciya.

Ƙurunƙus, kan ɓeran rumbu.