Ɗigon Goshi a Kan Fitilar Gargaɗi

Masta Girdhari malamin lissafi ne a wata sakandare a birnin Indore na ƙasar Indiya, mutumin kirki wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: in ya lissafa abu a kansa ya samu amsa, to an gama. Ko wa ya zo da wata magana, ɗalibi ne da bai fahimci darasi ba.

Shekara ashirin da biyu yana zuwa makaranta a kan tsohon babur. Da Allah ya hore masa kuɗin mota, sai ya ce ta dizal zai saya, domin litar dizal ta fi ta fetur araha, kuma ta fi nisan tafiya. Ya je ya gaya wa Ustad Hamid, makaniken da ke gyara masa babur tun yana saurayi.

Ustad ya goge hannunsa, ya ce, "Masta-ji, daga gidanka zuwa makaranta kilomita nawa ne?"

"Uku."

"Kasuwa fa?"

"Ga ta nan bayan gida."

"To ka sayi ta fetur, ƙarama. Motar dizal ta yanzu tana da matata a salansa, mai tare baƙin hayaƙi. Sai injin ya yi zafi a doguwar tafiya take ƙone dattin. Kai kuwa kafin ta ɗumama ka iso. Za ta toshe, wallahi."

Masta ya yi dariya. "Ustad, aji nawa ka yi?"

"Biyar. Amma salansa ba ta tambayar takardar shaida."

Ya sayo ta dizal ɗin, fara ƙal. Bisa al'adarsu, matarsa Sarla ta fasa kwakwa a gabanta, aka sa lemun tsami ƙarƙashin tayoyi ya taka, aka raba wa maƙwabta alewa. Ranar nan Masta bai iya rufe baki ba don murna, kuma duk wanda ya san wahalar da ya sha a kan babur ya taya shi.

Bayan wata bakwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ustad ya duba, ya ce abin da ya faɗa ne ya fara. "Duk Lahadi ka hau babbar hanya, ka yi gudun rabin awa ka dawo. In fitilar ta ƙi mutuwa, kawo min motar in wanke matatar."

"In ƙona mai ba gaira ba dalili? Ina tattalin yake ke nan?"

Ya dawo gida ransa a ɓace. Fitilar nan ta dame shi, kullum tana kallonsa kamar mai yi masa tsiya. Wata safiya ya ɗauki ɗaya daga cikin jajayen ɗigon da Sarla ke mannawa a goshi, irin na matan aure, ya manna a kan fitilar. Shi ke nan, ta ɓace.

Sarla ta gani, ta riƙe haɓa. "Baban Kirti, ita ma motar aure ka yi mata?"

"Ke dai ki bar ni. Mota lafiyarta ƙalau."

Kirti ita ce 'yarsu tilo. Shekara biyu ta yi tana shirin jarrabawar shiga karatun likita, wadda sau ɗaya ake yi a shekara. Ba biki, ba talabijin, har gashinta ta rage don kada tsefe shi ya ci mata lokaci. Da takardarta ta fito, sai aka tura ta wata makaranta a garin Ujjain, can za ta zauna jarrabawar. An rubuta ɓaro-ɓaro: ƙarfe ɗaya da rabi ake rufe ƙofa, kuma ba a buɗe wa kowa.

Kirti ta ce, "Papa, ƙawayena bas ɗin safe za su bi. In bi su?"

"Bas? Kina da mota a gida? 'Yar Girdhari a motar ubanta za ta sauka, da sanyinta, ba a jiƙe da gumi ba."

Tsakani da Allah, ƙauna ce ta sa shi faɗin haka. Amma da girman kai a ciki.

Ranar Lahadi Sarla ta ba 'yarta cokalin kindirmo da sukari don sa'a, suka kama hanya ƙarfe sha ɗaya. Sun fita gari ke nan motar ta fara nauyi. Masta ya taka totur har ƙasa, ta ƙi wuce gudun keke. Wani bas na Ujjain ya zo wucewa, yaron motar yana kiran fasinja.

"Papa, in sauka in shiga?"

"Zauna, yanzu za ta sake. Na lissafa, ko a haka muna da sauran lokaci."

Ba ta sake ba. Da ƙarfe sha biyu da rabi motar ta yi ta shure-shure, ta mutu a gefen gonaki, rana tana dukan kwalta. Motoci biyu suka wuce cike maƙil. Masta Girdhari, wanda bai taɓa roƙon kowa ba, ya tsaya tsakiyar titi ya haɗa hannuwa yana roƙo. Wani mai sayar da madara ya tsaya da baburinsa, ya sauke garewani biyu a bakin hanya, ya ɗauki uba da 'ya.

Sun iso ɗaya da minti talatin da shida. Ƙofa a rufe. Masta ya kama ƙarfen ƙofar yana cewa, "Ɗan'uwa, ni ma malami ne. Laifina ne, ba nata ba. Ka bar ta ta shiga, ni ka hukunta ni." Mai gadi ya sunkuyar da kai, ya ce ba shi da iko.

Kirti ba ta yi kuka a wurin ba. Ubanta ne ya durƙusa a ƙasa yana yi, har ita ta ɗaga shi.

Da yamma Ustad Hamid ya je ya jawo motar har gida. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sannu, Masta-ji." Kirti ta leƙa ciki ɗaukar jakarta, ta sa farce ta ɓamɓare ɗigon. Ta buɗe tafin hannun ubanta ta ajiye masa.

"Papa, zan sake zama jarrabawar baɗi," in ji ta. "Amma bas zan bi."

Masta ya sayar da motar, ya koma babur. Ɗigon yana nan manne a cikin murfin agogonsa na aljihu, kuma duk shekarar nan shi ke tashi ya dafa wa 'yarsa shayi kafin ta fara karatu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ka sayi abu gwargwadon yadda za ka yi amfani da shi. Mai gajeriyar tafiya ta cikin gari, motar fetur ta fi dacewa da shi, ta dizal kuwa ta mai doguwar hanya ce. Sannan ilimin da kake da shi a fanninka bai sa ka fi mai sana'a sanin sana'arsa ba. In aka yi maka gargaɗi, ka gyara tun da wuri, kada ka rufe shi don ya daina damunka, domin sau da yawa wanda ka fi ƙauna ne zai ɗauki asarar.