Ranar da Abdulrauf Ya Karya Rantsuwarsa

A unguwar Ƙuba ta birnin Madina, can bayan tsofaffin gonakin dabino, akwai wani magidanci mai suna Abdulrauf. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina don aikin hajji, ya zo bai koma ba. Shi kuwa a Madina aka haife shi, a nan yake aikin kula da garejin motocin safa. Mutum ne mai hannun kyauta da son zumunci, ba ka shiga gidansa ka fita ba ka sha gahawa ka ci dabino ba. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba ne: in magana ta fita daga bakinsa a gaban mutane, to an gama. Ko ya gane kuskure ya yi, gara ya sha wahala da a ce ya janye. Ya taɓa cewa ya san hanyar wani gidan biki a wajen kwarin Aƙiƙ, ya yi ta zagaye da iyalinsa har aka kwashe abinci, bai tsaya ya tambayi kowa ba. Matarsa Safiyatu ta daɗe da sanin halin mutuminta, addu'a kawai take yi masa.

Wata shekara da sanyi ya shigo, Kawu Balarabe, ƙanin mahaifiyarsa, ya zo Umra daga Kano ya sauka a gidansa. Ran nan ana zaune bayan cin abinci, gida cike da dangi, sai Umair, ƙanin Abdulrauf, ya miƙa wa tsohon waya yana nuna masa hotuna. Umair matashi ne mai rawar kai, yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa Larabci ce.

Kawu ya gyara tabarau ya ƙura ido. Jajayen duwatsu ne dogaye kamar an gina su da hannu, a tsakaninsu ga ƙorama, ga dabino, ga ciyawa kore shar.

"Wannan kuma ina ne?"

"Wadi Disa, ya Kawu, wajen Tabuka," in ji Umair. "Wallah, ba irinsa. Kwazazzabo ne, ka yi ta tafiya a mota duwatsu na rufe da kai."

"Ikon Allah!" Kawu ya ce. "Ni da na ɗauka ƙasar nan yashi ne kawai da masallatai. Wanda ya kwana a tsakanin duwatsun nan ya yi sallar asuba, ai ya ga aya."

Abdulrauf yana ƙaunar kawun nan nasa ƙwarai, don in ya dube shi fuskar mahaifiyarsa marigayiya yake gani. Nan take ya buga ƙirji.

"Wallahi, Kawu, ba za ka koma Kano ba sai ka kwana a cikin kwazazzabon nan."

Safiyatu na ajiye butar shayi, ta ce a hankali, "Ka haɗa da in Allah ya so, Abu Huda." Haka take kiransa, da sunan 'yarsu Huda.

"Na riga na rantse," ya ce yana dariya. Dangi suka yi ta sa masa albarka.

Gaskiya a faɗe ta, ba a taɓa shirya tafiya a gidan nan kamar yadda ya shirya wannan ba. Ya tsayar da lokacin hutun makaranta don yara su samu zuwa. Motarsa da ta Umair, duka masu shiga yashi ne, shi da kansa ya kwanta ƙarƙashinsu ya duba komai. Ya sayo wa Kawu farwa, alkyabbar nan mai gashi a ciki, don ya san ɗarin sahara ba ya raga wa tsoho. Ya sayi gawayi, saboda wurin gandu ne da hukuma ta keɓe, ba a saran itace. Ya tanadi tanti da barguna da jarkokin ruwa, har da buhunan kwaso shara. Da ya ji cewa waya ba ta kamawa a ciki, sai ya sanar da maƙwabcinsa hanyar da za su bi da ranar dawowa. Kawu kuma ya tuna musu cewa matafiya kan naɗa shugaba a tsakaninsu. Ba a yi gardama ba, kowa ya ce Abdulrauf ne amirin tafiya.

Ana gab da tashi sai labari ya bazu cewa hadari na tafe arewa, har hukumar kare farar hula ta turo saƙo a waya cewa a nisanci kwaruruka. To, sai wanda ya zauna Madina zai gane abin da kalmar ruwan sama ke yi wa mutanenta. Suna iya shafe watanni ba su ga ɗigo ba, don haka ranar da aka yi ruwa ranar biki ce. In aka ce kwarin Aƙiƙ ya kawo, sai ka ga motoci sun yi layi, an fito da shayi da yara ana kallo. Gidan Abdulrauf ya kaure da murna, Umair har da rawa.

Kawu ya yi ta dariya. "Mu a Kano in hadari ya haɗu gida ake gudu. Ku kuma takalmi kuke nema ku bi shi!"

Safiyatu ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta jira sai da suka keɓe, tana ninke barguna, sannan ta yi magana.

"Abu Huda, ka karanta saƙon nan kuwa?"

"Kullum haka suke turowa. Ruwa rahama ne."

"Rahama ne mana. Amma Aƙiƙ a kan gada muke tsayawa mu kalle shi. Can ina gadar take? Mu ɗaga tafiyar, ko mu je mu kwana a waje."

"Kawu zai tafi mako mai zuwa. Kuma kin ji abin da na ce a gaban kowa."

"Na ji. Ai Allah ya yi wa rantsuwa mafita. Ka ciyar da miskinai, shi ke nan."

Ya sha mur. "A ce Abdulrauf ya rantse ya kasa? Halas, an rufe maganar."

Ta ci gaba da ninke bargunanta, zuciyarta ba daɗi.

Suka kama hanya bayan sallar asuba, motar amir a gaba, ta Umair a baya ɗauke da matarsa da sauran yaran dangi. Tafiya ce mai nisa, amma ba wanda ya gaji da kallo. Suka wuce baƙaƙen duwatsu, suka shiga farin yashi, sannan jajayen tsaunuka suka fara ɓullowa. Ana azahar suka iso bakin kwazazzabon. Wanda bai ga wurin nan ba, ba zai yarda da labarinsa ba. Duwatsu sun miƙe dama da hagu har sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, iska na kaɗa ganyen dabino, ruwa siriri na gudu a kan yashi garai-garai. Kawu ya fito cikin farwarsa yana ta tasbihi, hawaye na zubo masa. Sama kuwa tas take, sai can nesa ta gabas da wani baƙin hadari ya kwanta a kan tsaunuka.

"Ina ruwan da ake ta faɗa?" Umair ya ce yana kallon Safiyatu. "Yalla, mu shiga mu kafa tanti tun da rana."

Abdulrauf ya rage wa tayoyi iska don shiga yashi, sannan ya taka a ƙafa shi kaɗai ya duba hanya. Ya ɗan yi nisa, inda bangon dutse ya matso da juna, sai ya tsaya. A jikin wata bishiya, sama da kansa nesa, busasshiyar ciyawa ce da karare suka naɗe rassa, duk sun kwanta gefe guda. A cikinsu akwai yagaggen ƙyallen tanti, da igiyarsa tana lilo. Ya duba dutse, ya ga layin laka a daidai wannan tsayin, ya miƙe har inda ido ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, babu inda ko akuya za ta hau, balle tsoho da mata da yara. Sai ya sake ɗaga kai wajen hadarin gabas, inda kwarin ya faro.

Ba wanda ya ga abin nan sai shi. Yana iya komawa ya yi shiru, a shiga, wataƙila a kwana lafiya a fito ana yabonsa. Ya daɗe tsaye. Kunyar da ya guje wa tun yana yaro ga ta tana jiransa a wajen motoci, kuma wallahi a lokacin ta yi masa nauyi ƙwarai. Amma ya juya ya tafi ya same ta.

"Ba za mu shiga ba," ya ce. "Can kan tudu za mu kwana."

Umair ne ya fara magana.

"Yaya, wasa kake? Duk tafiyar nan? Dubi sama fa!"

"Na duba. Ba wannan saman nake tsoro ba, wancan ne."

"To rantsuwar fa? A gaban kowa ka ce wallahi."

Abdulrauf ya juya wajen tsohon. "Kawu, na yi rantsuwa a kan abin da ba a hannuna yake ba. Na karya ta, zan yi kaffara. Ka yafe mini."

Kawu bai ce komai ba. Ya dubi cikin kwazazzabon da kwaɗayi, ya sunkuyar da kai ya koma mota. Wannan shirun ya fi duk maganganun Umair yi wa Abdulrauf ciwo.

Umair kuwa ya shige motarsa ya tayar. "Ɗayyib, ku ku hau tudu. Ni da masu so za mu shiga."

Abdulrauf ya taka ya tsaya a gaban motar, ya ɗora hannu a kanta. "Ku kuka naɗa ni, ban roƙa ba. Matuƙar ni ne amir, ba motar da za ta wuce nan. In za ka shiga, sai ka fara bi ta kaina."

Suka yi kallon-kallo. Daga ƙarshe Umair ya kashe mota yana ƙunƙuni da Larabci.

Tudun da suka haura ba daɗi ko kaɗan. Ba inuwa, ba ciyawa, sai tsakuwa da iska mai ratsa ƙashi. Tanti ya ƙi tsayuwa, gawayi ya ƙi kamawa, yara na kuka suna nuna dabinon da ke ƙasa. Rana kuma ta ci gaba da haskawa kamar da gayya. Umair na wucewa yana cewa, "A kawo wa amir lema kada ya jiƙe." Abdulrauf kuwa aikinsa ya sa a gaba. Ya ci gaba da danne igiyar tanti da duwatsu, ya hura wuta, ya kai wa Kawu shayi da hannunsa. Safiyatu na kallonsa daga inda take. Tun aurensu ba ta taɓa ganin an yi masa dariya ya jure ba, kuma bai taɓa yi mata girma a ido irin na ranar ba.

Sun idar da sallar la'asar ke nan sai suka ji wani ruri daga cikin duwatsu, kamar manyan motoci na tahowa a jere. Ko ɗigo bai sauka a kansu ba. Suka ruga bakin tudu suka leƙa. Ruwa ne ja wur ya fito daga kwazazzabon, ya cika shi bango zuwa bango, yana tafe da kututturan dabino da duwatsu suna karo da juna. Kafin a ce kwabo ya shafe inda motocinsu suka tsaya ɗazu. Siririyar ƙoramar nan da yara suka so wasa a ciki ta zama kogi mai hauka.

Ba wanda ya fito da waya don ɗaukar hoto. Matar Umair ta rungume 'ya'yanta ta fashe da kuka. Umair ya zube a kan tsakuwa. Da ya samu ya miƙe, sai ya nufi yayansa, ya kama kansa da hannu biyu ya sumbata.

"Yaya, da ka matsa daga gaban motar nan..."

Kawu Balarabe ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya riƙo hannun Abdulrauf ya damƙe.

"Ɗana, ɗazu na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Na so in kwana a can. Da ka cika mini alkawarin nan, da ba wanda zai koma ya ba da labarinmu. Na shekara saba'in ina ganin masu cika rantsuwa, amma ban ga wadda ta yi albarkar wannan da ka karya ba."

Abdulrauf ya dubi 'yarsa Huda da ke maƙale da rigar uwarta, ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa na nan da ransa. Sai ya juya ya fuskanci alƙibla, ya kai goshinsa kan tsakuwar nan mai sanyi, ya daɗe bai ɗago ba.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Cika magana hali ne na mutanen kirki, amma nacewa a kan kuskure don gudun kunya girman kai ne, ko da an lulluɓe shi da rantsuwa. Kada ka yi alkawari a kan gobe ba ka jingina shi ga Allah ba, kuma kada ka raina gargaɗi don ka ga sama tas a kanka. In aka ɗora maka jagorancin mutane, ransu ya fi mutuncin bakinka. Ranar da ka gane ka yi kuskure, ka faɗa a gaban waɗanda ka yi maganar a gabansu, ka jure dariyar da za ta biyo baya. Kunya takan wuce, rai kuwa in ya tafi ba ya dawowa.