Cokali Nawa Fadama Za Ta Iya Sha?

Akwai wani masunci da ake kira Baba Don-me, saboda ba ya ganin abu ya wuce bai tambayi dalilinsa ba. Shekara arba'in yana kamun kifi a fadamar bayan gari.

Sai aka gina kamfanin madara a saman fadamar, aka sako bututu yana zubo ruwan wanke-wankensu a ciki. Damina biyu kacal ruwan ya koma kore shar, kainuwa ta rufe shi, kifi yana tasowa ciki sama. Abokan sana'arsa suka watse. Shi ma har an fara taya jirginsa, kuma in ya sayar, ba shi da wata sana'ar.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ruwan bututun garau yake, ba wari ba launi. To ta yaya farin ruwa zai haifi kore?

Ana nan sai hukuma ta turo wata ma'aikaciya mai auna ruwa, don a yanke wa kamfanin iyakar abin da zai riƙa zubarwa. Baba ya bi ta bakin ruwa.

"'Yata, guba ce a ciki?"

"Ba guba ba ce, Baba, abinci ne. Irin sinadarin da ke cikin takin zamani."

"Yau ga ikon Allah! Abinci ke kashe kifi?"

"Gansakuka ce ke cinsa. In ta ƙoshi ta yi yawa, ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa a ruwan."

"To nawa ne ya yi yawa?"

"Shi za a zauna a kai nan da kwana goma. Kowace fadama da girman cikinta."

Baba ya koma gida ya kwashe kwalabe biyar na matarsa, ya cika su da ruwan can sama inda bututu bai kai ba. Ta farko bai sa mata komai ba. Ta biyu ya zuba cokali ɗaya na ruwan kamfani, ta uku cokali biyu, ta huɗu huɗu, ta biyar takwas. Ya jera su kan katanga a rana.

Matar ta leƙo ta ce, "Malam, maza na neman na cefane, kai kana ba kwalba magani da cokalina? Tsufa ne ko zafin rana?"

"Ke dai kar ki taɓa."

"In sun haihu a ba ni ɗaya."

Ranar zama ta zo. Manajan kamfanin ya shigo yana hura hanci, ya ɗaga kofin ruwan bututu ya ce, "Ku duba! Wannan ai ya fi na randar wasunku tsabta."

Ma'aikaciyar ta ce iyaka kada ta wuce biyar a ma'auninta. Manaja ya ce ashirin. Aka ja, aka ja, ya ce, "To mu haɗu a tsakiya, sha biyu." Shugaban zaman har ya ɗauki biro.

Ni mai ba ku labarin nan, ciniki sana'ata ce tun kafin mai gidana ya rasu, kuma ba a taɓa kayar da ni a kasuwa ba. Amma ko ni na san wadda ake cinikin a kanta, wato fadamar, ba ta ɗakin.

Sai Baba ya shigo da kwando.

Manaja ya ce, "Tsoho, masu sayen kwalabe suna bayan tasha." Aka kwashe da dariya.

Baba ya fito da kwalabensa. Ya jera su kan tebur, ya faɗi cokali nawa ke cikin kowace. Ta farko garau. Ta biyu garau. Ta uku ta fara dishi-dishi. Ta huɗu kore. Ta biyar kamar an dama ganye, har da wari.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san lamba ba. Tambaya ce da ni: wannan ta biyun da ba ta lalace ba, nawa ce a ma'auninku?"

Ma'aikaciyar ta buɗe akwatinta ta auna. Ta sake aunawa. Ta ɗago ta ce, "Huɗu ce. Ashe biyar ɗin tawa ma ba ta da tabbas."

Manaja ya share gumi ya ce, "A bar shi ko shida mana."

Shugaba ya tura masa koriyar kwalbar gabansa. "Ga ta nan, roƙe ta ta rage maka."

Aka rubuta huɗu. Dole kamfanin ya haƙa tafkunan tace ruwa kafin ya sake shi. Ba a ga canji nan take ba, sai damina ta biyu kainuwa ta fara ja da baya, Baba ya mayar da jirginsa ruwa.

Wata safiya yana ware kifi a bakin gaɓa, sai ga Manaja a tsaye yana sosa ƙeya.

"Baba, an ce akwai ciyawar da ke shanye wannan abin in an shuka ta a bakin tafki. Wacce ce a cikin waɗannan?"

Baba ya matsa masa wuri a jirgi ya ce, "Cire takalmin, shigo mu je mu gani."

Darasi: Ka yi ciniki da mutum, amma ruwa ba ya karɓar tayi, abin da ya fi ƙarfinsa zai amayo maka. Kuma kada ka raina mai yawan tambaya, wata rana shi zai tsamo ka. Ku tura wa duk wanda ke zubar da ruwa bai san inda yake zuwa ba.