Abin da Rago Yake Dubawa Kafin Karo

Dalilin da ya sa rago yake ja da baya kafin ya yi karo, yara, ba ƙarfi yake tarawa ba kamar yadda ake gaya muku. Ku matso ku ji.

A da can raguna ba su san karo ba. Gaisuwarsu ita ce su haɗa goshi a hankali, su ɗan tsaya haka, kowa ya ji ɗumin ɗan'uwansa. A wancan zamani wata tunkiya a ƙauyen bakin fadama ta haifi biyu, Tabo da ƙanensa Gajere. Tun suna ƙanana ƙaya ta soki Gajere a ƙafar baya, har ya saba tsayuwa yana ɗan ɗage ta. Kullum da safe sai sun haɗa goshi kafin su fita kiwo, uwarsu tana cewa, "Duk inda kuka haɗu, ku gaisa haka, ko kun tsufa."

Ana nan sai aka raba su. Wani mutum mai suna Barau, wanda ba shi da aiki sai tara jama'a a dandali su yi kallo, ya tafi da Tabo cikin gari. Dusa da harawa kam ba a magana, har ƙahonsa ya murɗe, wuyansa ya yi kauri kamar turmi. Amma ko ya ƙoshi, sai ya tsaya a turke yana kallon hanyar fadama. Kewar ƙanensa ta hana shi sakat.

Wata ranar kasuwa Barau ya yi musu da wani baƙo a kan ragon wa ya fi ƙarfi, suka ce a haɗa su a gani. Aka zane ragunan da lalle, aka rataya musu layu, aka shafe su da wani magani mai wari. Makaɗa suka saki ganga, aka tsayar da su hanci da hanci.

Tabo ya shinshina, bai ji komai ba sai warin magani. Amma idanun ragon baƙon nan, kamar ya san su. Sai ya ja da baya don ya ga ragon gaba ɗaya. Jama'a suka fashe da dariya: "Barau, ragonka ya ji tsoro!" Tabo bai kula ba, ya ƙara ja. Can sai ya ga ƙafar baya a ɗage.

"Gajere!"

"Yaya! Ashe kana raye?"

Mutane ba su ji komai ba sai kukan raguna. Su kuwa suka zabura da gudu su gaisa yadda uwarsu ta koya musu. Kewa ta mantar da su cewa sun girma, ta mantar da su ƙahonin da ke kansu. Ƙarar haɗuwarsu har ƙarshen kasuwa aka ji ta.

Su biyun suka zube ƙasa. Tabo ya tashi. Gajere bai tashi ba. Dandali ya ɗauki shewa, aka ɗaga Barau sama, ana ta cewa, "A kawo wani! A sake!" Ba wanda ya lura da Tabo ya durƙusa, ya ɗora goshinsa a kan na ƙanensa a hankali, yana jin ɗumin yana tafiya. Wallahi, yara, ni wannan wurin ba na son kaiwa gare shi. Daga ranar da mutane suka ɗanɗana daɗin kallon, ba su ƙara barin raguna sun gaisa cikin lumana ba.

Shi ya sa har yau, in aka kawo rago fili, sai ya ja da baya yana duban ƙafafun abokin karonsa, ko ɗaya a ɗage take. In ya ga ba haka ba, sai ya sunkuyar da kai, don kada ya ga fuskar wanda zai buga.