Magajin Baba Cindo Maɗori

To, ku gyara zama, kuma kada wanda ya tari numfashina sai na dire.

An yi wani maɗori a garinmu, Baba Cindo. Wata ranar kasuwa amalanke ta kife a gangaren rafi, aka kwaso masa mutum uku da karaya. Ya ɗaura musu kara, ya yi ta jinyarsu wata biyu, har kowa ya taka da ƙafarsa.

Shekaru suka ja, tsufa ya zo, Baba ba shi da magaji. Tsoronsa ɗaya, kada ɗorin gidansu ya bi shi kabari. Ga shi mahaifinsa ya gargaɗe shi cewa ba a koya wa butulu, kuma mutum ɗaya ake ba. Sai ya zauna a zaure yana auna mutanen nan uku, ransa fari ƙal, don babu wanda ya manta da shi.

Sallau manomi ne, miskili na gaske. Bai taɓa buɗe baki ya ce na gode ba. Amma shekara goma sha biyar, damin geron farko daga gonarsa a ƙofar Baba yake sauka, ko a shekarar fari. Ya ajiye ya juya abinsa.

Barau mahauci kuwa, kai, baki kamar ganga! Ko tsokar nama bai taɓa kawowa ba, amma ya raɗa wa ɗansa sunan Baba, kuma duk kasuwar da ya ci sai ya ɗage wando ya nuna ƙafar. Ta bakinsa masu karaya suka san hanyar gidan, da yawa suka tsira daga gurgunta.

Ta ukun ita ce Tabawa mai daddawa. Kullum mita take wai ƙafarta ta ɗan karkace. Duk da haka ita ke danne majinyata in ana jan ƙashi, ita ke dama musu kunu. Ranar da ta ga hannun Baba yana rawa don tsufa, ita kaɗai ta ce, "Baba, ka bari haka nan, kafin ka lalata ƙafar ɗan wani, sunanka ya ɓaci." Ya yi kwana uku yana fushi, sannan ya gane ta cece shi.

Ran Juma'a ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya aika a kira masa ɗaya daga cikinsu.

To, ku da kuke ta gyaɗa kai, wa ya fi gode masa, har ya cancanci wannan kira?