Shaƙuwar Sarki da Hantar Aura

A zamanin da aljanu ba su fara ɓuya wa mutane ba, an yi wani sarki a Birnin Tsauni-Tara ana ce masa Jangwarzo, gawurtacce, ƙasaitacce, wanda in ya yi gyaran murya a soro sai kasuwa ta yi tsit. To wannan sarki da mashi bai taɓa kayar da shi ba, shaƙuwa ce ta zo ta yi masa kayen tsiya. Kwana arba'in yana hiƙ, hiƙ, ba ci sai kurɓa, ba barci sai gyangyaɗi, har rawani ya yi masa yawa. Masu magani suka gwada suka kasa, sai wani boka mai ido ɗaya ya ce a samo tsohuwar jaka mai shekara ashirin, a yanka, a yi wa sarki turare da hantarta.

Duk faɗin ƙasar jaka ɗaya ce tak ta kai waɗannan shekaru, don sauran jakai kulki da yunwa ba sa barin su tsufa. Ita ce Aura, jakar Nomau ɗan Arzika jikan Cindo, zuriyar masu safarar kanwa. Nomau siriri ne, shiru-shiru, mai taurin kai, wanda ke raba furarsa biyu da Aura, ya shafa mata man kaɗanya a gadon baya, in an zo hawan tudu kuma ya rage mata kaya ya ɗora a kansa. Gari duk dariya ake masa, shi ko a jikinsa.

Da dogarai suka jawo su fada, Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shekara ashirin baiwar Allahn nan tana ɗauko abincin gidana. A ba ni kwana goma sha biyu in je wurin Sarkin Aljanu in roƙo magani. In na dawo hannu rabbana, ga ta ga wuƙa."

Sai Shantali, bafaden da ke riƙe wa sarki buta, mai tumbi, mai bakin tsiya, ya yi tsalle ya ce, "Ku ji mini mutum! Ran ɗan Adam, ɗan Adam ɗin ma sarki, shi za a auna da na jaka? Mutane na kwana da yunwa a garin nan, kai kana ɗura wa dabba fura!" Maganar ta yi daɗin ji, sai dai duk birnin babu mayunwacin da ya taɓa ganin kalar kunun gidan Shantali.

Sarki ya ce, "Na ba shi, hiƙ. Kai Shantali, hiƙ, bi shi, kada ya gudu mini da hanta."

Suka kama hanya, Nomau a ƙasa yana jan Aura, Shantali bisa dokin fada yana zuba wa dokin ƙaimi da bulala. Suka ƙetare kogin da ke gudu yana hawa dutse, suka ratsa dajin da itatuwansa ke tashi su koma inuwar junansu in rana ta yi zafi. Duk inda aka yada zango, Shantali sai ya ɗaure doki a tsakar rana, ya watsa masa busasshiyar dusa, shi kuwa ya miƙe a inuwa yana yagar kilishi yana yi wa Nomau wa'azi kan darajar ɗan Adam.

Ran na huɗu suka iso birnin aljanu, wanda ganuwarsa ta gishiri ce fara fat, doguwa, santaleliya. Masu tsaron ƙofa, baƙaƙe, jibga-jibga, ko kallon mutanen ba su yi ba. Dabbobin suka gaisar, suka ɗaga sirdi da akumari, suka duba baya da haƙarƙari da baki, sannan aka shigar da su gaban Sarkin Aljanu, Daƙyalusu ɗan Zamharira, mai gemu bakwai, kowane da bawan da ke taje shi.

Sarkin ya ce, "Marhabin da baƙi. Al'adarmu a nan, tun da ba mu san halin baƙo ba, bakin ɗan Adam kuwa ba abin dogaro ba ne, sai mu duba bayan abin hawansa. Yadda yake saukar da shi, haka za mu sauke shi kwana uku."

Nan take aka kai Nomau inuwa mai sanyi, aka dama masa fura, wasu aljanu biyu suka duƙufa suna murza masa man kaɗanya. Shantali kuwa aka zarga masa igiya a wuya, aka kafa masa turke a rana, aka dire masa ƙwaryar dusa, in ya buɗe baki a ɗan taɓa shi da ƙaimi. Nomau ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, aka ce al'ada ba ta tashi. Shantali ya yini yana ihu, "Ni ɗan Adam ne! An fifita ni a kan dabba!"

Ran na uku Daƙyalusu ya kira Nomau ya ce, "Ya kai baƙo mai ladabi, abokin tafiyarka ya cika mana kunne. Ƙarya yake yi?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, an fifita mu. Ai shi ya sa igiyar take hannunmu, dabba kuwa ba ta da bakin kai ƙara. In girman nawa na gaske ne, a bayanta za a gani."

Sarki ya yi murmushi har gemu bakwai suka motsa. Da Nomau ya roƙi maganin shaƙuwar Jangwarzo, sai ya miƙa masa ɗan tandu. "Kurɓi ɗaya ne, na mutum ɗaya. Kowace cuta ce tsakanin maƙogwaro da ciki, zai kashe ta."

A hanyar dawowa dusar nan ta kumbura a cikin Shantali, tumbi ya yi tamtsan-tamtsan kamar ganga, ya faɗo daga doki idanu sun kakkafe. Nomau ya tsaya a kansa da tandu a hannu. Ya dubi Aura, ita ma ta dube shi tana kaɗa kunne, ba ta san ranta ne a cikin tandun ba. Wallahi bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ya yi kuka sosai, ya ce mata, "Ki gafarce ni, Aura," sannan ya ɗaga kan Shantali ya ɗura masa. Da yake doki ya gurgunce, Aura kuma ta tsufa, Nomau da kansa ya goyo ƙaton nan har ƙofar fada.

Sarki ya ce, "Ina, hiƙ, maganin?" Nomau ya faɗi gaskiya. Aka kayar da Aura, Sarkin Fawa ya wasa wuƙa, Nomau ya rufe fuskarsa da hula. Sai ga Shantali ya rarrafo ya kwanta rub da ciki a kan wuyan jakar, yana cewa, "A fara da ni! Hantata ta fi tata kitse!"

Sarki ya ce, "Kai, hiƙ, ba kai ka ce mutum ya fi dabba ba?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe, amma lokacin ban kwana a turke ba. Kuma wanda kuke cewa ya fi son jaka da mutane, shi ya sayar da ranta ya sayi nawa. Ga shatin igiya a wuyana, a duba."

Sarki ya sauko daga karaga ya sunkuya don ya gani. Aura kuwa, da nauyin Shantali ya ishe ta, sai ta miƙa wuya ta kwarara kuka a tsakiyar kunnen sarki. Jangwarzo ya yi tsalle ya faɗa jikin boka, rawani ya yi gabas, sanda ta yi yamma. Fada ta yi tsit ana jiran hiƙ. Aka jira, aka jira, shiru kake ji.

Da sarki ya tabbata shaƙuwar ta tafi, ya nemi tuwo, ya ci malmala tara. Ya naɗa Nomau Sarkin Turke, kowace dabbar birni sai ya duba bayanta ran kasuwa, boka kuma ya bar gari ba sallama. Shantali ya roƙi a ba shi aikin kai wa Aura ruwa, aka ba shi, ya riƙe shi har ta mutu don kanta bayan shekara shida. Ran da aka binne ta, Shantali ya yi ta kuka har sai da Nomau ya koma yana ba shi haƙuri. Allah ya sa mu ji ƙan abin da aka ba mu riƙo, amin.